Garin da Baba Ya Sake Ginawa a Tsakar Gida

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba, amma bazarar da mahaifina ya sake gina tsohon garinsu a tsakar gidanmu da laka da kara, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Ko yau aka tashe ni daga barci zan iya faɗar inda rijiyar garin take da inda masallacinsa yake, alhali ban taɓa taka garin ba. Ruwan dam ɗin Tiga ya shanye shi tun kafin a haife ni, lokacin Baba yana saurayi, aka kwashe mutanensa suka warwatsu, kowa ya kama inda Allah ya ajiye shi. Mu aka ajiye mu a ƙasar Kiru.

A shekarar da nake ba da labari ina koyarwa a wata firamare, kuma gidan aurena ba shi da nisa da gidanmu, don haka kullum na taso daga makaranta sai na biya na gaishe da Baba. Innarmu ta rasu bayan kaka, ciwon kwana huɗu. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kowa ya kama gabansa. Mu 'ya'ya mun yi kukanmu har muka gaji. Baba kuwa ko ɗigon hawaye ban gani a idonsa ba. Duk wanda ya ce masa ya haƙuri, sai ya ce da godiya, ya ɗaga hannu a shafa fatiha. Mutane suka yi ta yabonsa, wai dattijo mai tawakkali, ni ma har da ni a masu yabon.

Sai daga baya na lura da wani abu. Mace in mijinta ya rasu tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, ta zauna a ɗaki, a zo a taya ta zama, ta yi kuka ba mai cewa ta yi abin kunya. Namiji kuwa ranar da aka naɗe tabarmin makoki, ranar ake sa ran ya ɗora hula ya tafi kasuwa. Ba a ma rufa wata biyu ba abokan Baba suka fara kawo masa labarin zawarawa, wannan ta iya tuwo, waccan ba ta da surutu. Shekara kusan hamsin da ya yi da Inna, ba wanda ya ba shi ko kwana ɗaya ya zauna da su.

Baba fa mutum ne mai magana. Kaza in ta tsallaka tabarmarsa sai ta ji tarihin kakanninta. Amma a hankali sai ya daina fita majalisar ƙofar gida, ya daina sauraron rediyo, ya daina faɗa, wanda shi ne ya fi tayar mana da hankali. Daga masallaci sai ɗaki, ya kwanta ya juya fuska bango. Matar ƙanena, wadda ita ke riƙe da girkin gidan, ta kai tuwo ta ɗauko shi yadda ta ajiye, in an yi sa'a ya gutsiri loma biyu. Muka kai shi asibiti, aka auna aka duba, aka ce ba a ga komai ba, aka ba shi maganin cin abinci. Liman ya aiko da rubutu, ya sha don kunya. Rigunansa suka fara yi masa yawa, hular ma sai ta riƙa faɗowa har gira.

Ranar da babban yayanmu ya zo daga Kano ya gan shi, bai iya zama a ɗakin ba. Ya fito ya tara mu a zaure, ni da ƙanena, ya ce, "Ni fa ba zan zuba ido ina kallo ba. Na ba ku Juma'a biyu. In na dawo na same shi a haka, a mota zan sa shi, ya koma wurina, ga manyan likitoci kusa."

Yaya ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Amma ni na san abin da birni yake yi wa Baba. Ko kwana ɗaya ya yi a gidan Yaya, wanda yake a saman bene, da asuba za ka same shi da jakarsa a hannu yana tambayar hanyar tasha. Mutumin da aka taɓa tasa daga garin haihuwarsa, yanzu kuma a raba shi da ɗakin da matarsa ta cika a ciki, ai gara a ce an haƙa masa kabari kawai. Na ce, "Yaya, in ka kai shi can ba zai yi wata ba." Ya ce, "A nan ɗin wata nawa zai yi?"

To, a farkon wannan zangon karatun an tura mu wata bita ta kwana uku a Tudun Wada. A cikin masu koyar da mu akwai wata mata mai sanyin murya da ta yi mana bayani a kan yaran da suka ga tashin hankali ko aka yi musu rasuwa. Ta ce yaro ba ya iya cewa zuciyata ba daɗi, amma in ka ba shi takarda da kala, hannunsa zai faɗi abin da bakinsa ya kasa. Ta kafa mana sharuɗɗa: kada ka gyara masa, kada ka ce bai yi kyau ba, kada ka yi masa gardama, ka ce kawai ya ba ka labarin abin da ya zana. Har ta ƙara da cewa abin ba na yara kaɗai ba ne, babba ma yana yi masa amfani, tsoho ma haka. Da na dawo na gwada a kan wata yarinya 'yar ajina da ƙanwarta ta rasu, wadda ta yi makonni ba ta ɗaga hannu, sai ga shi ta fara sakewa. Shi ke nan kaina ya fasu. Ilimin kwana uku, amma ji nake ba likitan da ya kama ƙafata a faɗin ƙasar Kano.

Washegarin zuwan Yaya na shiga shago na sayi kwalin kala mai guda goma sha biyu da littafin zane. Har yau in na tuna bangon littafin nan sai na rufe fuska, domin hoton zomo ne a jiki, ya sa jar riga, yana dariya da haƙora biyu. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe da Baba, na ajiye su a gefen tabarmarsa, na gyara murya irin ta matar bita.

Na ce, "Baba, ga wannan na kawo maka. In ka ji zuciyarka ba daɗi, sai ka riƙa zana duk abin da ya zo maka."

Ya juyo a hankali. Ya dubi zomo, zomo ya dube shi. Sannan ya dube ni ya ce, "Malama, aji nawa kika sa ni?"



Ya ce, "Ko in aika a ɗinko mini gajeren wando, gobe mu tafi tare?" Ya mayar da fuskarsa bango. "Kwashe kayanki, Allah Ya yi miki albarka."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi a cikin wata guda, amma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Na fito, na miƙa wa 'ya'yan ƙanena littafin da kalar, na tafi gida ina kuka a cikin mayafi. Dattijon da ake kira ya raba gardamar gona, ni na kai masa kayan 'yan aji ɗaya. Kwana uku ina zuwa gaisuwa ban iya haɗa ido da shi ba.

A rana ta huɗu ne Gwaggonmu ta garin Badafi ta sauka daga kan babur da ƙullin daddawa a hannu, tana yi wa mai babur ɗin faɗa a kan gudu. Gwaggo muke ce mata, amma taubashiyar Baba ce, 'yar kawunsa, tare suka tashi a tsohon garin. Kowa ya san wasan taubasai. Abin da mu ba mu isa mu faɗa wa Baba ba ko a mafarki, ita za ta faɗa masa a gaban jama'a ta ƙara da tsaki. Ta tsaya a bakin ƙofarsa ta ɗaga murya.

"Ina bawan nawa? An ce mini ka kwanta kana jiran a kawo maka amarya. Tashi ka karɓi kayan uwargijiyarka!"

Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Da can kafin ta rufe baki ya mayar mata da goma. Na ga fuskar Gwaggo ta sauya. Ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna a inuwa, daidai ƙofar ɗakinsa, inda jikoki suka baje suna ta zane a littafin zomo. Ta tambayi mene ne wannan, na kwashe labarin bita da abin da ya biyo baya na faɗa mata ƙasa-ƙasa. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ke da bokonki sai a hankali." Sannan ta ce a yago mata takarda ɗaya.

Ta riƙe kalar a dunƙule kamar muciya, ta fara jan layi tana magana da ƙarfi, wai yara take nuna wa. "Ku matso ku ga garinmu na da, wanda ruwa ya ci. Ga masallaci nan. Ga kukar bakin kasuwa. Ga gidanmu, kun gan shi ya fi na kowa girma. Ga kuma rijiya nan gabas da masallaci, a gindin tsamiya."

Sai muka ji murya daga cikin ɗaki, a shaƙe. "Yamma."

Gwaggo ta waiga hagu da dama. "Wa ya yi magana? Ko aljanun gidan nan ne?"

"Rijiya yamma take da masallaci. Kuma ɗorawa ce, ba tsamiya ba."

"Gabas! Ni da na yi shekaru ina ɗebo ruwa a cikinta, kai da ko guga ba ka iya ja ba?"

"Shi ya sa in an aike ki da safe sai azahar. Ashe gabas kike nufa."

"To sannu, mai gari. Yara, ku rabu da shi, tsufa ne. Ga rijiya nan gabas, na ma ƙara mata girma."

Ni kuwa ina gefe raina yana tafasa, domin duk sharuɗɗan matar bita Gwaggo ta bi ta kansu da takalmi. An ce kada a yi gardama, ita gardamar ta zo yi. Ina shirin in yi mata raɗa sai labule ya motsa. Baba ya fito yana dogara sanda, rigar tana reto a jikinsa, ransa a ɓace. Gwaggo ta miƙa masa kalar, ya ture ta da bayan hannu ya ce, "Wannan na 'yan makaranta ne. Ku share mini nan wurin."

Aka share tsakar gida. Ya tsaya ya dubi inda rana take, ya gyara tsayuwa, ya kafa bakin sandarsa a ƙasa ya ja layi mai tsawo ya ce, "Wannan ce hanyar da ta ratsa gari." A nan na ji kamar in mari kaina. Tun ina ƙarama nake ganin Baba in zai raba iyakar gona, ko zai yi wa baƙo kwatancen hanya, ko zai nuna wa magini inda za a kafa rumbu, a ƙasa yake zanawa da sanda. Mutumin yana da takardarsa da alƙalaminsa tun kafin a haife ni, ni ce ban taɓa ɗaukar abin a matsayin zane ba.

Daga bayan la'asar har aka kira magariba yana ja yana gogewa da ƙafa. Ga masallaci, ga rijiya a yamma, ga maƙera, ga marina, ga gidan mai unguwa. Gwaggo tana biye da shi tana musu a kan kowane lungu, yana kiran ta mai kan kwakwa. Da zai tafi masallaci ya nuna jikoki da sanda ya ce duk wanda ya taka masa gari zai gamu da shi.

Jikoki sun ji, awaki ne ba su ji ba. Da safe ina cikin aji matar ƙanena ta kira ni a waya, muryarta tana rawa don murna, ta ce, "Baba yana faɗa! Awaki sun tattake zanen, tun ɗazu yake zagin su da iyayensu." Ban taɓa jin wanda ya yi farin ciki da faɗan suruki irin na ranar ba. Da na iso na tarar an riga an yanke shawara. Baba ya ce zanen ƙasa ba ya kwana, gini za a yi. Ya tura yara kududdufi ɗebo laka, aka sauko da karan dawa daga kan rumfa, aka kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Yana zaune a kan buzu yana ba da umarni, can sai ya ɗaga kai ya ce, "Wai ba a dama fura a gidan nan ne? Mutum yana aiki tun safe." Matar ƙanena ta ruga da gudu har tana tuntuɓe da turmi. Ya shanye kwanon tas, ya ce nonon ya yi ruwa.

Kafin mako ya zagayo tsakar gidanmu ta zama wurin kallo. Yara suna mulmula laka suna yin ɗakuna, kowanne bai fi dunƙulen hannu ba. Matar ƙanena da maƙwabta suna yanka ciyawa suna yi musu jinka. Ni aka ba ni kasuwa, na kafa rumfuna da tsinke, Baba ya rushe su sau biyu wai na yi su a layi kamar ajin makaranta. Ƙaramar jikarsa ta ƙera saniya za ta saka a garke, ya ce ta kai ta waje ta yi wasa da ita. Na ɗauka maganar mutum-mutumi ce yake gudu, sai ya ce, "Ranar da muka fito ba mu bar ko kaza ba. Garin ba kowa a ciki."

Labari ya bazu, tsofaffin garin suka fara zuwa, wasu daga Ba'awa, wasu daga Tiga, kowa da ƙorafinsa. Wani ya ce rumbunan ubansa uku ne, an yi masa biyu, wannan cin fuska ne. Wata tsohuwa ta ce an matse mata ƙofar gida, ina za ta bi da damin itace? Liman ya leƙo, shi ba ɗan garin ba ne, amma sai da ya gyara alƙiblar masallacin da yatsa. Akwai wani tsohon masunci da ya zo bai yi gardama da kowa ba. Ya tsuguna a gaban ɗakin da aka ce na mahaifinsa ne, ya daɗe, sannan ya ce, "Shekara da shekaru ina bi ta kan gidan nan da kwalekwale. Duk na zo daidai wurin sai in daina tuƙi in yi sallama. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, kada a ce na taɓu." Ba wanda ya yi dariya. Gwaggo ce ta share ido da gefen zane, ta ce hayaƙin murhu ne ya dame ta, alhali ba a hura wuta ba.

Sai dai akwai wani fili kusa da rijiya, bai fi faɗin faifai ba, da Baba ya hana kowa taɓawa. Kullum da safe zai sa tafin hannu ya share shi ya lallashe ƙasar, amma ba ya gina komai. Ni da son gyara, ina ganin wurin kamar giɓi a baki, sai wata rana na ɗauko reshen dalbejiya zan kafa a matsayin bishiya. Ban ankara ba na ji sanda a bayan hannuna, ba da ƙarfi ba, amma ta isa. Ya tashi ya shige ɗaki, ranar bai ci tuwon dare ba. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan na sake ɓata ruwa.

Gwaggo, wadda ta zo da niyyar kwana ɗaya ta yi goma, ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Ke wai ba ki da ido ne? Nan gidan kakanki ne, wanda ya haifi uwarki. A nan ta tashi." Na dafe ƙirji. Ta ce, "Ki bar shi. Ya gina gari guda don ya iso ƙofar gidan nan, kuma tun yana saurayi haka yake, sai ya zagaye unguwa uku kafin ya bi ta wurin." Na ce, "Gwaggo, wai da gaske kin manta inda rijiyar take?" Ta harare ni sama da ƙasa. "Rijiyar da na faɗa ciki ina 'yar shekara bakwai? Ke dai Allah Ya ƙara miki ilimi."

Juma'ar da Yaya ya ɗiba ta zo. Bayan an sauko daga masallaci sai ga motarsa, ya ma kwantar da kujerar gaba ya sa matashi saboda mara lafiya. Ya yi sallama ya shigo, ya tsaya turus. Gida cike da tsofaffi da yara, kowa hannu dumu-dumu da laka, mara lafiyar kuma yana tsaye yana daka wa wani dattijo tsawa a kan iyakar gona. Har yanzu a rame yake, wannan ba a ɓoye ba, kuma na ga Yaya yana kallon wuyansa da ya zama siriri. Ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ba ya kiran sunan ɗan fari, sai ya ce, "Kai, taso ka ga inda aka binne cibiyar ubanka."

Ya zagaya da shi lungu-lungu da bakin sanda. Nan aka yi mini kaciya, nan na yi karatun allo, nan jaki ya kayar da ni, waccan da ka gani tana dariya ita ta tsokane shi. Yaya yana ta gyaɗa kai. Da suka iso rijiya, shi da bai san dawan garin ba, ya nuna filin ya ce, "Baba, nan fa? An manta ba a yi komai ba."

Na runtse ido ina jiran sanda ta sauka a hannun mai mota. Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya jingine sandar, ya tsuguna da ƙyar, ya ce, "Ku miƙo mini laka." Duk ginin da aka yi kwana da kwanaki ana yi, umarni kawai yake bayarwa, wannan ne karon farko da ya sa hannunsa a laka. Ya mulmula, ya tayar da bango. Ya huda ƙofa da ɗan yatsa, tana kallon rijiya. Ya ɗauki wani ɗan guntun laka ya lanƙwasa ya ajiye a bakin ƙofar.

Ya ce, "Wannan dakali ne. A nan uwarku take zama tana saƙar faifai. In ta hango ni sai ta tashi ta shige, ta bar faifan a nan. Ni kuma in tsaya ina sha'awar faifai." Ya yi ɗan murmushi. "Sau ɗaya ba ta gudu ba. Ta ce, in ruwa kake so ga rijiya can, in magana ce ga babana a zaure."

Sai muryarsa ta karye. Ya sa bayan hannu zai share ido ya shafa wa fuskarsa laka, hawayen suka bi ta kanta suna sauka a gemu. Baba ya yi kuka, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa da abokansa, kukan da ya riƙe wata biyar. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Ni ma na yi kukan, matar ƙanena ta yi, Yaya ya juya baya yana goge gilashinsa da bakin riga. Gwaggo ta bari sai da ya lafa, sannan ta ce, "To, an dai ji kunya, bawa yana kuka gaban uwargijiyarsa." Ya ce, "Rufe mini baki, mai rijiya a gabas." Aka fashe da dariya da majina da komai.

Da ya wanke fuska ya dubi Yaya ya ce, "Na ji an ce ka zo da mota. An taɓa tasa na sau ɗaya, ruwa ne, ba yadda na iya da shi. Kai kuwa ni na haife ka. Zauna a kawo mana tuwo." Suka ci kwano ɗaya, ina ƙirga lomar Baba daga nesa har na gaji na bari. Da yamma Yaya ya tayar da kujerar motarsa, aka ɗora masa buhun masara a baya, ya koma Kano shi kaɗai.

Bayan kamar mako uku hadarin farko ya haɗo da rana tsaka. Muka rikice, ni da yara, muna neman leda da buhuna mu rufe garin. Baba yana zaune a rumfa ya ce mu bari. Muna kallo ruwa ya sauko, ɗakuna suka narke ɗaya bayan ɗaya, masallaci da kasuwa da dakalin Inna, jan ruwa ya bi ta kwata ya fice. Ina satar kallon fuskarsa. Sai ya ce, "Wancan karon ban yi sallama da kowa ba. Wannan karon na yi." Ya miƙe ya ce wa ƙanena ya duba irin dawa, gobe akwai shuka.

Baba ya ƙara shekaru shida a duniya, yana faɗa da kaji da awaki, kuma a ɗakinsa ya cika. Abin da na koya shi ne, matar bita ba ta yi ƙarya ba, baƙin cikin da ya ƙi fita ta baki yakan fita ta hannu, ko hannun yaro ne ko na tsoho. Kuskurena shi ne na zaci abin a kwalin kala yake. In kana son ka taimaki wanda zuciyarsa ta yi nauyi, kada ka kai masa abin da kai ka iya, ka tsaya ka duba abin da hannunsa ya saba da shi, ka share masa wuri, ka yi haƙuri da zagaye-zagayensa har ya iso inda ciwon yake da ƙafarsa.